Shekara Ashirin a Gida Ɗaya

 Yau zan ɗauke ku zuwa ƙasa mai nisa, wajen wani wasa da na san da yawanku ba ku taɓa kallo ba. Kada ki ce me ya haɗa ki da wasan maza, ki rufe littafin. Ni ma ba wasan ne ya dame ni ba, mutumin ne, da kuma gardamar da ya jawo a gidan kawuna shekara da shekaru.

Tun ina yarinya, in muka je hutu Kaduna gidan Kawu, ƙanin mahaifiyata, akwai wata hular hana-salla mai ruwan ƙasa da ruwan ɗorawa da ke rataye a ƙusa a bayan ƙofar ɗakinsa. An rubuta mata S da D a goshi. Mu yara mun ɗauka sunan wani ne. Ran nan na yi ƙarfin hali na ce, "Kawu, wai wannan hular ta waye?" Ya yi dariya ya ce, "Zauna 'yar nan, in ba ki labarin mutumin da ya ƙi tashi." Kawu ya yi karatun akanta a birnin San Diyego na jihar Kalifoniya a Amurka, a farkon shekarun 1980, a can ya kamu da son wasan besbol. Abin da ya fara ba ni a ranar, na ƙara da wanda na karanta bayan na girma, shi zan ba ku.

Bari in ɗan yi muku bayanin wasan, don kada in bar ku a duhu. Mutum tara ne kowane ɓangare. Ɗaya ya tsaya ya jefo 'yar ƙwallo mai tauri, ba ta fi lemon zaƙi girma ba, daga nisan kamar mita 18, da gudun da yakan kai kilomita 150 a awa. Ɗan ɗaya ɓangaren yana tsaye da kulki, aikinsa ya make ta ta faɗi inda babu mai cafewa, ya sheƙa da gudu ya isa zangon farko kafin a dawo da ita. In ya isa, an ce bugunsa ya ci. Zango huɗu ne a kewaye, wanda ya zagayo gida an sami maki ɗaya. Wahalar abin ita ce, wanda bugunsa ke ci sau uku cikin goma, wato sau 300 cikin 1,000, sunansa gwani. Kin ga ke nan gwanin ma sau bakwai yake komawa benci da kunya. Kuma ba wasan sati-sati ba ne, wasa 162 kowace ƙungiya take yi daga Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum, kamar girkin gida.

Sunan mutumin Tony Gwynn, ana furta shi Gwin. Baƙar fata ne, an haife shi ranar 9 ga Mayu, 1960, a Los Anjalas, ya tashi a garin Long Beach. Gidansu ba na masu hali ba ne. Uban yana aiki a sito da rana, uwar tana aikin gidan waya da dare, in wannan ya shigo waccan ta fita. Shi da 'yan'uwansa biyu maza a bayan gida suka koyi wasan, da ƙwallon tsohuwar safa da suke naɗewa da roba, wani lokaci ma da 'ya'yan ɓaure. Da ya shiga jami'a a San Diyego, ƙwallon kwando ya fi shahara da ita. A rana ɗaya cikin watan Yuni na 1981 ƙungiyoyi biyu na garin suka zaɓe shi, Clippers ta ƙwallon kwando da Padres ta besbol. Ya dubi tsawonsa, ya ga bai kai na 'yan kwando ba, ya bi Padres. Sunan nan Padres kuwa da Sifaniyanci ne, ma'anarsa fada-fada na coci, don su ne suka kafa mishan a wurin a 1769. Ya fara buga wa babbar ƙungiyar ranar 19 ga Yuli, 1982. Bai sake sa rigar kowa ba sai tasu har 2001.

To a nan sai mun ɗan koma baya, domin in ba ki san yadda abin yake a dā ba, ba za ki gane nauyin zamansa ba.

Tun daga 1879 masu ƙungiyoyin besbol suka ƙirƙiro wata ƙa'ida ta riƙo a cikin takardar yarjejeniya. Ma'anarta, in ka sa hannu wa ƙungiya, ka zama nata har sai ta gaji da kai. Ita tana iya sayar da kai ko ta yi musanyarka da wani, ko ta sallame ka, amma kai ba ka da ikon cewa ka tafi. Albashin da aka yanka maka, ko ka karɓa ko ka bar wasan gaba ɗaya. A ƙarƙashin wannan ƙa'ida aka yi wani gwarzo Ernie Banks, baƙar fata na farko da ya buga wa Cubs ta birnin Shikago. Daga 1953 zuwa 1971 yana nan, wasa 2,528, kullum da fara'a, amma ko sau ɗaya ƙungiyarsa ba ta kai zagayen neman kofi ba. Mutanen Shikago sun so shi ƙwarai, suna yabon amanarsa. Ni ba na musun yana son wurin. Sai dai in an kulle ƙofa da kwaɗo an jefa makullin a rijiya, sannan a zo ana yabon wanda ke ciki da cewa bai taɓa fita ba, yabon nan da sauransa.

Wanda ya fara girgiza ƙofar shi ne Curt Flood. Ya shekara goma sha biyu yana buga wa Cardinals ta Sen Luwis, sai a watan Oktoba na 1969 aka wayi gari an yi musanyarsa zuwa Filadelfiya ba tare da an shawarce shi ba. Ya ce ba za shi ba. Ya rubuta wa shugaban wasan takarda a watan Disamba cewa shi ba kaya ba ne da za a saya a sayar, ya kai ƙara. Shari'a ta kai har kotun ƙoli, a 1972 aka kayar da shi. Ya rasa albashin dala 90,000 a shekara, ya rasa wasan kansa, abokan wasansa da ke bugawa a lokacin babu wanda ya zo kotu ya tsaya masa. Amma ƙofar ta riga ta tsage. A watan Disamba na 1975 wani mai sasanci, Peter Seitz, ya yanke hukuncin da ya 'yantar da wasu 'yan wasa biyu, a 1976 kuma aka daidaita cewa duk wanda ya cika shekara shida, in yarjejeniyarsa ta ƙare, ya tafi inda ya ga dama. Daga nan kuɗi suka ɓarke. Masu arzikin Niyok da Los Anjalas suka shiga zawarcin gwanaye, talakawan ƙungiyoyi irin su Padres suka zama kamar makarantar da ake rainon yaro a zo a ɗauke.

Wato shi Tony a zamanin buɗaɗɗiyar ƙofa ya zo.

Akwai wani abu da nake so matan aure su ji a nan. A ƙarshen 1982 ya karye a wuyan hannu, da ya dawo a 1983 sai bugu ya ƙi masa. Yana kan tafiya ya bugo wa matarsa Alicia waya, wadda tun suna yara suka san juna a unguwa ɗaya, ya ce ta riƙa ɗaukar masa wasan daga talabijin a kaset ɗin bidiyo. Ta zauna a gida da jariri tana danna na'ura duk lokacin da ya fito da kulki. Da ya dawo ya kalla, nan take ya ga inda yake kuskure. Shekarar da ta biyo, 1984, shi ya zo na ɗaya a bugu a rukuninsu, da 351 cikin 1,000. Daga nan ya riƙa yawo da na'urar bidiyo da jakar kaset duk garin da za su, abokansa suna yi masa dariya, yau kuwa babu ƙungiyar da ba ta da ɗakin kallon bidiyo. In ana lissafin kofunansa ba a cika tuna wadda ta fara danna maɓallin ba. Ni dai na tuna da ita.

Shekarar 1984 ɗin ita ce wadda Kawu ba ya gajiya da labarinta, don yana garin. Padres suka kara da Cubs a kan wa zai je karon ƙarshe. Cubs suka ci biyun farko, saura ɗaya su gama da su, sai Padres suka farfaɗo suka ci uku a jere, kuma bugun Tony ne a wasa na biyar ya sa su gaba. Kawu ya ce daren nan ba a yi barci a San Diyego ba, a ranar ya sayi hular. Amma da suka je karon ƙarshe, wanda ake kira World Series, Tigers ta Ditroyit ta lallasa su, huɗu da ɗaya. Tony yana ɗan shekara 24, yana ganin ai baɗi ma rana ce. Sai da ya jira shekara goma sha huɗu.

A tsakanin nan ya ga abubuwa. A 1987, shekarar da ya buga 370 cikin 1,000, a shekarar ce ya je kotu ya bayyana cewa ya karye, bashi ya fi ƙarfinsa, saboda ya saki jiki da wanda ke riƙe masa harkar kuɗi. Ki duba fa, mutumin da ya ɗanɗani talauci yana tsakiyar suna, shi ne ya fi kowa dalilin bin kuɗi. A 1990 kuma wasu abokan wasansa, musamman wani Jack Clark, suka tsaya a gaban jama'ar ɗakin suka ce mai son kansa ne, lissafin bugunsa kawai yake karewa, ba nasarar ƙungiya ba. Kafin shekarar ta ƙare aka tsinci 'yar tsanarsa an guntule mata hannu da ƙafa, an rataye a wurin zaman 'yan wasa. Hukumar ƙungiyar ta ce wani ma'aikacin fili ne ya yi, shi bai gamsu ba. Ga 'yan jarida kullum suna maganar ƙibarsa, wai tumbi ya yi masa yawa. Wallahi ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa mutum ya tattara nasa ya nasa. Clark ne ya tafi Boston, Tony ya zauna. Kuma duk lokacin da yarjejeniyarsa ta kusa ƙarewa sai ya sabunta tun kafin ta kai kasuwa, a kan kuɗin da kowa ya san bai kai darajarsa ba, har ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa tana jin haushinsa, don a ganinsu yana karya wa saura farashi. Su ma fa suna da gaskiyarsu, in an tuna abin da Curt Flood ya rasa kafin a sami wannan 'yanci.

Shekarar da ta fi tsaya mini a rai ita ce 1993. Masu ƙungiyar suka ce ba su da kuɗi, suka shiga rabuwa da manyan 'yan wasansu ɗaya bayan ɗaya kamar mai gwanjon kayan ɗaki. Gary Sheffield ya tafi Fulorida a watan Yuni, Fred McGriff ya tafi Atlanta a watan Yuli. Aka bar Tony da yara sababbin shiga. Aka ci su sau 101 cikin wasa 162, shi kuwa a cikin wannan kangon ya buga 358. Bayan an gama kakar mahaifinsa, Charles, ya zaunar da shi ya ce ya bar garin nan, mutanen nan ba su da niyyar cin komai. Suka yi musu, ɗan ya ce shi yana son wurin. Kwana biyu bayan wannan magana uban ya rasu da ciwon zuciya.

Ki tsaya ki auna wannan, 'yar'uwa. Maganar ƙarshe mai nauyi tsakaninka da mahaifinka ita ce ka tashi, kai kuma ka ce a'a. Kuma sai zamani ya yi ta nuna kamar tsohon ne da gaskiya: McGriff ya ci kofi da Atlanta a 1995, Sheffield ya ci da Fulorida a 1997. Waɗanda aka kora sun dawo da zoben zinariya a yatsa, wanda ya zauna hannunsa wayam.

A kan wannan gaɓa ce gidan Kawu yake rabuwa biyu. Shi Kawu tun da ya dawo ƙasar nan ya kama aiki a wata masaƙa a Kaduna, bai sake motsawa ba. Sau biyu ana nemansa a banki, wani abokinsa ma har gida ya biyo shi, ya ce shi ba zai bar mutanen da suka ɗauke shi yana saurayi ba. Matarsa, da muke kira Anti, ba ta taɓa yarda da wannan ba. In ya fara labarin Tony sai ta ajiye tsintsiya ta ce, "Malam, don Allah ka bar cika wa yaran nan kunne. Shi wancan ko an rage masa, miliyoyi ake ba shi. Kai fa?" Shi kuma ya ce, "Ke ba za ki gane ba." Ta ce, "Na gane sarai, ni nake auna shinkafar." A lokacin ina bayan Kawu ɗari bisa ɗari. Yanzu da nake auna tawa shinkafar, na rage murya.

Mu koma San Diyego. A 1994 Tony ya kai 394 cikin 1,000, ana sa ran zai taɓa 400, abin da ba a yi ba tun Ted Williams a 1941, sai 'yan wasa suka tafi yajin aiki a watan Agusta, kakar ta mutu a nan. Ya ci kambun bugu shekara huɗu a jere, 1994 zuwa 1997, ya cika takwas ke nan, alhali gwiwoyinsa sun sha wuƙar likita. Sai a 1998, yana da shekara 38, Padres suka sake kaiwa karon ƙarshe, suka haɗu da Yankees ta Niyok a shekarar da babu mai iya tare ta. A wasan farko ya make ƙwallo ta fice daga fili gaba ɗaya, a gidan Yankees ɗin. Cikin bugu 16 da ya yi a karon, takwas sun ci. Duk da haka huɗu ba ko ɗaya aka yi musu. Daga nan bai sake jin ƙanshin kofi ba.

Ranar 6 ga Agusta, 1999, a birnin Montiriyal na Kanada, ya cika bugu 3,000 da suka ci. Ranar ta dace da ranar haihuwar mahaifiyarsa, ta shigo fili ta rungume shi a zangon farko. Abin mamaki, na 2,000 ɗin ma ranar 6 ga Agusta ya yi shi, a 1993.

Sai tsufa. A wasa, shekara arba'in tsufa ne tukuf. A 2000 gwiwa ta hana shi, wasa 36 kacal ya buga. To a nan ne za ki ga halin masu gida. Akwai sharaɗin da ya ba ƙungiyar damar riƙe shi shekara ɗaya a kan dala miliyan 6, suka ce ba za su iya ba, suka biya shi miliyan 2 na sallama. Karo na farko a rayuwarsa ya tsinci kansa a kasuwa, ba da son ransa ba, yana ɗan shekara 40 da gurguwar gwiwa. Bayan 'yan makonni ya dawo ya sa hannu a kan miliyan 2, da alkawarin ƙari in ya buga da yawa. A wannan watan na Disamba ne wani saurayi, Alex Rodriguez, ya bar ƙungiyarsa ta Siyatil ya koma Teksas a kan dala miliyan 252 na shekara goma. Ban ce Padres sun ci amanarsa ba, kasuwanci suke yi, kuma ba su taɓa ɓoye hakan ba. Amma a bayyane yake cewa shi da zuciya yake lissafi, su da alƙalami.

A 2001 yawanci daga benci yake tasowa ya yi bugu ɗaya ya koma, gudu ya gagara, amma idon da hannun suna nan: 324 cikin 1,000. Ya yi wasansa na ƙarshe ranar 7 ga Oktoba. Jimilla bugu 3,141, matsakaicin 338, shekara goma sha tara a jere bai sauka ƙasa da 300 ba. Mutanen garin suka laƙaba masa Mista Padre. Ko da ya ajiye kulki bai bar garin ba, tsohuwar jami'arsa ya koma yana koyar da yara wasan. Aka jingine lambarsa 19 a 2004, ba mai sake sa ta a Padres. A 2007 aka shigar da shi zauren gwanaye na Cooperstown tare da Cal Ripken, wanda shi ma ƙungiya ɗaya ya yi wa aiki a Baltimo, aka kuma kafa mutum-mutuminsa na tagulla a sabon filin wasan garin.

Ni a nawa ganin, kuskure ne a kira abin da ya yi haƙuri kawai, irin wanda ake ce wa mutum ya yi don ba shi da yadda zai yi. Ya san farashinsa a kasuwa, ya san hanyar tasha, mahaifinsa ma ya nuna masa ita. Ya duba abin da yake so, wato 'ya'yansa su tashi a gari ɗaya, matarsa kada ta yi ta ɗaure kaya, ya fita ya sayi burodi a gaishe shi da sunansa, ya ga kuɗin wannan shi ne miliyoyi da zoben kofi, ya biya da idonsa biyu. Abin da ban sani ba game da Kawu, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarsa ba, shi ne ko shi ma lissafin ya yi, ko kuwa tsoron sabon wuri ne ya sa wa rigar amana. Masaƙar dai an rufe ta, kamar yadda aka rufe sauran na Kaduna, ya fito da takardar yabo da alkawarin haƙƙin sallama da ya yi shekaru yana bi.

Akwai wani abu guda da Tony ya riƙe tun 1981 wanda ya kamata a ce ya saki, wato garin taba da 'yan besbol ke cusawa a kunci. A 2010 aka gano ciwon daji a ƙullin yawu na kuncinsa na dama, daidai inda yake ajiye tabar. Shi ya yi imani ita ce sanadi, ko da yake likitoci sun ce ba a tabbatar da alaƙar irin wannan ciwon da ita ba. Aikin da aka yi masa ya taɓa jijiyar fuska, har murmushin nan da aka san shi da shi ya gagara na wani lokaci. Ya rasu ranar 16 ga Yuni, 2014, yana da shekara 54, Padres ba su ci kofin ba har ya tafi. A ƙarshen 2016 aka haramta wa sababbin 'yan wasa tabar.

Ni na kai wa Kawu labarin rasuwar, don lokacin ya daina bin labarai, ido ya yi rauni. Na same shi a tabarma a tsakar gida, Anti tana tsince shinkafa a faranti. Na gaishe su, na faɗa masa. Ya yi shiru har na ɗauka bai ji ba, can ya ce, "Shekararsa nawa?" Na ce hamsin da huɗu. Ya ce, "Yaro ne ashe." Na ba shi labarin yadda mutanen garin suka yi ta tururuwa suna ajiye furanni a gindin mutum-mutumin. Ina jira in ji Anti ta yi irin maganarta, ba ta ce komai ba. Ta ajiye farantin ta shiga ɗaki, sai ga ta da hular, duk ta koɗe, bakin ya lanƙwashe. Ta kakkaɓe ƙurar a gefen zaninta ta miƙa masa, ta koma ta ɗauki shinkafarta.